Ƙafar Ladi a Kan Turmi

Ƙas.

Ƙarar ke nan. Ba ta fi ta karan gero da ake karyawa a tura ƙarƙashin tukunya ba. Har na waiga wajen murhu, ina tsammanin icce ne ya fashe a wuta, don na aza ruwan kunu. Sai na ji jikin ɗiyata Ladi ya saki a ƙarƙashin tafukana. Ba ta yi kuwwa ba. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, idanunta suka kafe a bango. Diddigen ƙafarta ta dama yana bisa turmin da ni da kaina na kifa mata.

Shekara guda ke nan da ƴan watanni. Har yau in na fara ba da labarin da baki, ba na iya kai shi ƙarshe, shi ya sa na ɗauki biro. Ina rubuta shi don iyaye mata irina waɗanda ɗiyansu ke wasan jimnastik a lakwal, wato makarantar boko, ko kowane wasa da ake lanƙwasa jiki a cikinsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wadda ba ta iya ba, Allah ya ba shi lada.

Ladi ita ce ƴar farina. Ba na faɗin sunanta na yanka, kamar yadda uwata ba ta faɗin nawa. Ran Lahadi aka haife ta, shi ke nan ya bi ta. Lokacin tana da shekara goma sha biyu, tana ajin farko na kolej a nan Dakoro. Tun tana rarrafe jikinta kamar igiya yake. Takan tsaya bisa hannuwa ta bi tsakar gida, kaji suna watsewa. Takan lanƙwashe ta baya ta ɗauki ludayi a ƙasa da baki. Malamin wasanni na kolej ɗinsu, wanda suke kira Mushe, ya gan ta, ya sa ta cikin ƴan mata shida da yake koya wa jimnastik da marece, saboda wasan da makarantu ke yi ƙarshen shekara. Waɗanda suka fi iyawa za a kai su Maraɗi. Babanta ya ɗan ja da farko, sai da ya ga dogon wando ne da riga mai hannu da ɗan hijabi, sannan ya ce to.

Abu ɗaya ya tsaya mata, wanda suke cewa giran-ekar: yarinya ta baje ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, har ta zauna daram a ƙasa. In ta sa hagu gaba, takan sauka lafiya lau. In ta sa dama, sai a bar kamar yatsa huɗu tsakaninta da ƙasa. Yatsa huɗun nan su suka hana ta sukuni. Su ne kuma suka kai mu inda muke.

Hanyar Mushe ba ta yi mata sauri ba. Takan dawo tana kwaikwayonsa, hannu a bayan baya. “Mama, sai mun yi ta zagaya hili har zuhwa ta karyo muna. Sannan shi ce ku sauka sannu-sannu, inda kunka ji ja ku tsaya nan, ku ja numhwashi, ku ƙirga talatin. Kullum talatin. Na ce Mushe yaushe zan taɓa ƙasa? Ya ce wata ukku, ko huɗu. Wata huɗu hwa, Mama! Kahin nan an gama wasa an share hili.”

Su ƴan matan suna da tasu dabarar da suke yi bayan aji in ba ya nan. Su baje ƙafa su riƙa lilo da jiki, sama ƙasa, sama ƙasa, da sauri. In ya kama su sai ya kore su gida ranar. Dabara ta uku kuwa a waya ta gan ta, wayar wata maƙwabciyarmu. Yaran wata ƙasa ne mai nisa, an ɗora musu ƙafa bisa kujera, babban mutum yana danna su ƙasa da dukan nauyinsa, suna kuka. Can gaba kuma aka nuna su an rataya musu lambobi a wuya. Ta kawo mini wayar a madafa, ta ce, “Kin gani? Danna su akai. Shi ya sa sunka iya.”

Wallahi da na kalla ban ji tsoro ba. Abin da na tuna shi ne wankan jegona a Kornaka, gidan uwata. Kowace safiya Inna takan yi wa jinjira wanka da ruwa mai ɗumi, ta shafe ta da man shanu, ta kwantar da ita bisa cinyoyinta. Ta haɗa mata hannuwa ta baya, ta kai yatsan ƙafa ga goshi, ta ja wannan ta ja wancan, tana cewa haka ake yi wa yaro jiki. Duk ɗiyan danginmu da hannu aka miƙe su. Sai na ce a raina, ashe abin da muka gada ne su ma suke yi. Na yi kolej har aji na huɗu, na san ƙashi da jijiya a littafi, amma ranar wankan Inna ne ya yi mini hukunci.

Akwai kuma wani abu, in dai gaskiya zan rubuta. A waje ba ni da bakin yabon Ladi. In maƙwabta suka ce ɗiyarki ta iya, sai in ce ai rashin ji ne, in kawo wata magana. Haka aka koya mana da ɗan fari. Amma a cikin gida, da sassafe, bayan babanta ya fita kasuwar dabbobi inda yake dillanci, ba mai ganina. Nan ne kaɗai na samu hanyar sa hannu cikin abin da take so.

Safiya uku muka yi. Daga kan tabarmar salla take tasowa, jiki da sanyi, ba gudu ba komai. Ta ɗora diddige bisa turmi, ni kuma in dafa kafaɗunta in danna. Ta huɗu ce ranar. Ta ce, “Mama, dakata.” Na ji ta sarai. Na duba na ga saura yatsa biyu, na ce, “Daure, kaɗan ya rage,” na ƙara nauyi.

Da ƙyar na ja ta zuwa ɗaki. Na mai da turmi mazauninsa. Da babanta ya dawo da hantsi ya tarar da ita kife bisa katifa, ya ce mi ya hwaru, kafin in buɗe baki ta ce, “Na zame bakin hwamfo, Baba.” Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai, na ce haka ne. Wannan “haka ne” ya fi danna ta da na yi nauyi a wurina, don danna ta cikin rashin sani na yi, ƙaryar kuwa ina sane.

Sati na farko targaɗe muka ɗauke shi. Na gasa mata da ruwan zafi, na shafa man zafi. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti bisa amalanke, tana kwance rub da ciki. Manjo, wato babban malamin asibitin, ya tambaya, aka ce faɗuwa ta yi. Ya duba gwiwa, ya duba ƙugu, ya ba da ƙwayoyin rage zafi, ya ce in kwana biyar bai yi sauƙi ba a je a yi radiyo, wato hoton ƙashi. Ba ni da abin cewa a kansa. Abin da muka faɗa masa shi ya yi wa magani.

Ciwon a can ƙarƙashin mazaunai yake, daidai ƙashin da mutum ke zama a kai. Ba ta iya zama ko kaɗan. Cin tuwo a kwance, salla a kwance. Kewayawa ita ce babbar azaba, don tsugunawa ba ta yiwuwa. Sai na riƙe ta ta hammata tana cizon gefen zanena. Kwana na uku bayan cinyar ya yi baƙi-baƙi kamar an zuba shuni, daga sama har kusa da gwiwa. Kwana biyar suka cika, ta ce ta ɗan ji sauƙi, ni kuma na kama wannan magana da hannu biyu. Tsoron radiyo nake yi. Gani nake hoton zai nuna hannuna.

Sati na biyu ƴan dubiya suka cika gida, kowa da nasa. Wata ta ce baki ne, yarinya ana ta yabonta a gari. Wata ta ce iska ce ta bakin famfo. Aka kawo rubutu, aka kawo sassaƙe, aka kawo hayaƙi. Allah ya saka musu, ba wadda ta zo hannu sake. Wannan da fura, waccan da ƙwai. Amma kuma ba wadda ta fita ba ta ce, “Ai dama ɗiya mace da tsalle-tsalle,” ba. Ladi tana jinsu, ta juya fuska bango.

Inna ta zo daga Kornaka da ƙullin kayanta. Ita ce ta fara sa ta dariya. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Ina ƙadangaruwar gidan? An ce kin hwaɗo daga bango.”

“Ke dai tsohuwa shigo,” in ji Ladi. “Ko a kwance na hi ki gudu.”

“Tashi mu gwada. Wadda ta riga kai ƙohwa ita ka cin ƙwan nan.”

Inna ce ta kawo maganar maɗori, wani tsoho daga wani ƙauye wajen Mai Yara. Ya ɗora karaya da yawa a danginmu sun warke, ba zan ci amanarsa ba. Ya zo, ya yi bisimilla, ya tambayi yadda aka yi. Aka ce zamewa. Ya ce to ƙugu ne ya goce. Ya sa aka juya ta rigingine, babanta ya riƙe kafaɗu, shi kuma ya kama ƙafar ya miƙe ta, ya ɗaga sama, ya fizga. Ƙarar da Ladi ta yi har gidan bayanmu an ji. Ina tsaye da ƙwaryar ruwa a hannu. Na san ba ƙugu ba ne, na san ta inda abin ya tsinke, na san yadda ya ɗaga ƙafar nan haka turmi ya ɗaga ta. Ban ce uffan ba.

Daga ranar wani sabon abu ya shigo. Ta ce tana jin kamar cinnaku suna bin bayan ƙafar har diddige, wani lokaci kuma wurin ya mutu kamar ba nata ba.

Sati na uku Mushe ya zo dubiya. Ina bayan labule, suna zaure da babanta. Babanta mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya sauke masa. Ya ce, “Wasanku ne ya sassauta mata gaɓoɓi. Yarinya lahiya lau, kun mai da ta roba, ga shi ƴar zamewa kaɗan ta kwantar da ita.” Mushe bai yi musu ba. Ya nemi izini ya shigo, ya durƙusa nesa da katifa, ya ce ta nuna masa wurin da yatsa. Ta nuna. Sai ya ce a hankali, “Wa ya danna ki?”

“Ba kowa, Mushe.”

“Lilo kika yi?”

“A'a, Mushe. Zamewa na yi.”

Ya miƙe. Ya ce wa babanta, “Alhaji, ka zage ni yadda kake so, na ɗauka. Amma don Allah gobe-goben nan a kai ta Maraɗi. Kada a bari kowa shi sake ja mata ƙahwa.” Da zai fita ya gaishe ni ta bayan labule, “Madam, sannu da jinya.” Na amsa da ƙyar. Mutum ya ɗauki laifina a gabana ya fita da shi, ina ji.

Awakina biyu aka kai kasuwa, babanta ya haɗa da abin da ke hannunsa. Kujeru uku muka biya mata ita kaɗai a mota don ta kwanta, kanta bisa cinyata. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji ta ƙanƙame mini gwiwa.

Asibitin da muka je a Maraɗi ba zan faɗi sunansa ba. Mun samu alheri a can, mun kuma sha wuya. Layi tun daga ƙofar likita har gindin itacen bedi. Benci ne na ƙarfe, mai lafiya ma ya gaji da shi, balle wadda ba ta zama. Na shimfiɗa mata zane a ƙasa, mutane suna tsallake ta. A nan a ba ka takarda, a ce je can ka biya. Ka je can, a ce mai karɓa ya tafi salla. Ya dawo, a ce wannan takardar ba hatimi. Ranar farko ba mu ga kowa ba sai mai rubuta suna. Muka kwana gidan wata ƴar'uwar babanta, Allah ya ba ta Aljanna, ta bar mana ɗakinta. Washegari aka yi radiyo. Sai ranar ta uku muka shiga wurin likita.

Ba tsoho ba ne, yana da ɗan furfura a gemu. Ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe yana kallo. Ya ce yaya aka yi. Babanta ya ce ta zame bakin famfo. Likita ya girgiza kai. Ya ce, “Wannan ba bugu ba ne. Ja ne. An buɗe ƙafar nan fiye da ƙima, da ƙarfi.” Ya dubi Ladi, ta dubi silin. Ya dube ni. Ya ce, “Madam, ni ba jandarma ba ne. Ba wanda zan kama. Amma in ban san yadda aka yi ba, lalube zan yi, kuma a jikin ɗiyarki zan yi laluben.”

Nan na faɗa. Turmi, safiya huɗu, “dakata” da ta ce, maɗori, duka. Ladi tana cewa, “Mama, bari, Mama, bari.” Babanta ya tashi ya fita, ya tsaya a baranda ya ba mu baya.

Likita ya jira na share fuska, sannan ya nuna mini wani ɗan fari-fari a hoton, kamar ɓawon gyaɗa, ya rabu da babban ƙashi. Ya ce wata magana da ba za ta bar kaina ba har in mutu: “A shekarunta, jijiya ta fi ƙashi ƙarfi.” Ya ce ƙashin yaro mai tasowa yana da wuraren da ba su gama ƙwari ba, kuma a nan ne babbar jijiyar bayan cinya take kamawa. Babba in an ja shi fiye da ƙima, nama ne ke yagewa. Yaro kuwa, jijiyar sai ta ɓalle guntun ƙashin ta tafi da shi. A takarda ya rubuta “arrachement”. Na tambaye shi, da mun zo satin farko fa? Ya ce, “Allah ne masani. Amma da an kwantar da ita ba a sake ja ba, ina zaton guntun bai yi nisa haka ba.”

An yi maganar aiki a Yamai. Ya aika hoton ta waya ga wani babbansa. Amsa ta zo cewa lokaci ya ɗan ja, kuma aikin kusa da wata jijiyar da ke sauka har ƙafa yake, wadda dama ita ce ke kawo cinnakun. A bar shi ya haɗe da kansa, a ga abin da Allah zai yi. Sati shida a kwance, sannan sandunan hammata.

Babanta bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. A tasha muna jiran mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Danna ta da kika yi, kuskure ne, kowa na yi. Amma ni na riƙe ta aka ja mata ƙahwa. Da hannuna. Kin bar ni na riƙe ta.” Kwana da yawa ba ya cin tuwona sai kaɗan. Ranar da muka dawo Dakoro bai zauna ba, ya wuce gidan Mushe ya ba shi haƙuri.

Inna kuwa da na faɗa mata, har da cewa wankanta na tuna, sai ta ajiye tsintsiya. Ta ce, “Ke! Jinjiri nika miƙewa, ba mai shekara sha biyu ba. Kuma yaushe kika ga na danne yaro? Kwana arba'in kina zaune kina kallona, ba ki ga in ya ƙanƙame jiki sakin shi nikai ba? Sai ya saki da kanshi sannan in bi shi.” Sai ta zauna bisa turmin nan ta yi ta kuka, tana cewa ita ta kawo maɗori. Ranar ni ce na rarrashe ta.

Wata na biyu da na uku jinya ce ta zaman gida. Juya ta, goge ta, shafa mata mai a gwiwar hannu inda kwanciya ta sa fata ta yi kanta. Ƙwayoyi suna ƙarewa, a sake sayo wasu. Ordonansi, wato takardar sayen magani, ɗaya ba ta tsufa sai wata ta zo. Inna ta ɗinka mata wani babban gammo da tsofaffin zannuwa, mai rami a tsakiya, don in ta fara zama ƙashin kada ya taɓa ƙasa. Ladi ta ce, “Kowa a kai yake aza gammo, ni ce kaɗai ka zama bisa nawa.” Ƙawayenta suna kawo mata kaye, wato littattafan rubutunsu, tana kwafe darasi a kwance. Da farko kullum suke zuwa, sannan Asabar-Asabar, sannan suka ɗauke ƙafa. Ban ga laifinsu ba, yara ne. Shekarar karatun dai ta tafi, sai da ta maimaita aji.

Da ta fara takawa da sanduna aka haɗa mu da kine, mai motsa gaɓoɓi, wata mace ƴar gajera mai dariya, a can Maraɗi. Duk sati biyu muke zuwa. Motar kaɗai ta cinye tunkiyar da na so in bari don layya. Amma a ɗakin matar nan ne na ga yadda ake miƙe jijiya, abin da ya kamata in sani tun farko.

Ba ta taɓa ƙafar sai Ladi ta yi ta kai da kawowa jiki ya yi ɗumi. Sannan ta kwantar da ita rigingine, ta aza diddigen bisa kafaɗarta, ta ɗaga sannu har Ladi ta ce nan. Daga “nan” ba ta ƙara ko kaurin gashi. Sai ta ce, “Tura ni. Tura kahwaɗata ƙasa kamar kina jin haushina.” Ladi ta tura, su ƙirga biyar, ta ce saki. In ta saki, sai ƙafar da kanta ta ƙara hawa ɗan kaɗan, ba wanda ya tilasta ta. Na ga abin kamar dabo.

Wata rana na yi ƙarfin hali na jera mata duka: ta Mushe, ta lilo, ta dannawa, da tata. Na ce wace ce ta fi? Ta ce ta Mushe ita ce ta kullum, ita ce abincin yaro mai wasan nan: a ɗumama jiki, a sauka sannu, a tsaya a riƙe, gobe a sake. Jinkiri gare ta, amma abin da ta ba ka ya zauna. Lilo kuwa, jijiya in an fizge ta ƙanƙamewa take don ta kare kanta, sai ka zama kana ja tana ja. Manyan ƴan wasa na yin wani irinsa bayan sun ɗumama, amma ba na yaran da ke ɓoye bayan aji ba ne. Tata, ta tura-ka-saki, tana da sauri, sai dai tana son hannun wanda ya koya. “Ta dannawa hwa?” na ce. Ta daina dariya. Ta ce, “Mai dannawa ba ya jin abin da ake ji. Shi ƙasa yake kallo, yana auna saura nawa. Su na cikin waya an nuna miki waɗanda sunka ci lamba. Waɗanda sunka ƙare a ɗaki irin wanga ba a ɗaukar su hoto.”

Ta kuma koya mini bambancin ja da zafi. Ja yana bazuwa a tsakiyar nama, yaro yana iya numfashi yana magana. Zafi kuwa wuri ɗaya yake soka, kusa da ƙashi, yaro ya riƙe numfashi. In an kai nan an wuce. To ƴan'uwana mata, abin da zan ce muku ke nan. Kada ku ɗora wa yaro ƙafa bisa turmi ko kujera ku hau kansa. Kada ya miƙe jiki daga tashi barci. In ya ce dakata, ku ɗauke hannu kafin ya rufe baki. In kuka ji ƙara, ko kuka ga ya kasa zama, a yi hoto kafin kowa ya ja. In kuma ke ce kika yi, ki faɗa a ranar. Kunyar awa ɗaya ce. Ni na ɓoye tawa sati uku, ɗiyata ce ta biya.

Alhamdu lillahi, cinnakun sun tafi a wata na biyar. Ta ajiye sanda ɗaya, sannan ta biyu. Tana tafiya da ƙafarta, sai in ta gaji ne za ka ga tana ɗan jan ta dama. Wasan ƙarshen shekara an yi shi ba ita. Muna jin kiɗa da tafi daga gida, ta ce in rufe mata taga. Duk da haka ba ta fid da rai ba. Motsin da kine ta ba ta ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, tana cewa baɗi da ita za a je.

Wata na tara muka koma a yi hoton ƙarshe, ni da ita. Likita ya ɗaga shi wajen taga kamar wancan karon. Ya ce ya haɗe, amma da ƙullutu, kuma ba daidai mazauninsa na da ba. Tafiya ba laifi, ɗan gudu ba laifi, zama mai tsawo zai riƙa damunta. Ya fara rubutu. Ladi ba ta taɓa yi masa magana ba sai an tambaye ta, amma ranar ta ce, “Dokta, jimnastik hwa?”

Ya ajiye biro. Ya ce, “Ɗiyata, baje ƙafa da tsalle da dirowa, a'a.”

“Bana, ko baɗi ma?”

“Baɗi ma. Ba zan yi miki ƙarya ba.”

Ta ce, “To.” Ta ɗauki gammonta ta rungume, ta yi masa godiya, muka fito. Ba ta yi kuka ba. Na saya mata nonon yawur mai sanyi a tasha, ta riƙe shi har ya huce ba ta buɗe ba.

Bayan la'asar motar ta kama hanyar Dakoro. Gero ya yi kai, gonaki kore shar dama da hagu, Fulani suna kora shanu gefen hanya. Tana wajen taga, ni ina tsakiya. Can ta ce, ba ta juyo ba, “Mama, kin taɓa zuwa hili kin gan ni?”

Ban taɓa ba. Filin kolej ɗin bai fi tafiyar minti goma daga gidanmu ba. Iyayen sauran ƴan matan sukan je su tsaya bakin shinge da marece, maƙwabciyata ma ta sha cewa in zo mu je. Ni kuwa ina za a ce an gan ni tsaye ina kallon ƴar fari, ina washe baki? Abin da na sani na wasanta shi ne na tsakar gida, tsakanin randa da akurkin kaji, da yatsa huɗun da suka rage. Tsalle da juyi da dirowar da ake faɗi a gari, a bakin mutane na ji su.

Na ce, “A'a. Ban je ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta gyara zama bisa gammo, ta jingina kanta a kafaɗata a gaban duk mutanen motar, ban kuwa janye ba. Ta ce:

“Da kin zo ko sau guda, Mama. Na iya hwa. Wallahi na iya ƙwarai.”